Rigar da Ke Tsayawa da Kanta

"Ku yi haƙuri," in ji Mai Guga, tun kafin ta ji muryar mai kiran.

Dutsen guga na hannunta na dama, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, tururi na tashi daga farar rigar wani babban ma'aikaci da aka ce lallai a gama ta kafin azahar. Lambar makarantar 'yarta ta gani, ita kuwa wannan lamba ba ta taɓa kiranta don a ce mata yarinyar ta ci kyauta ba.

"Ki zo yanzu," aka ce. "Ta ciji malamarta."

"Ku yi haƙuri. Ga ni nan."

Ita wannan kalma ta haƙuri a shagon wanki da guga ta koye ta, kamar yadda ta koyi fitar da kari a wando. Dokar mai shagon ce: duk wanda ya shigo da ƙorafi a fara ba shi haƙuri, ba'asi ya biyo baya. Ko da ɓarakarta ya kawo rigar tun daga gida, ko ɗansa ne ya zuba mata tawada, kai dai ka ce a yi haƙuri. Shekaru suka tura, kalmar ta zauna mata a baki daram kamar haƙorin gaba. Ko ƙofa ta buge ta, ƙofar take ba haƙuri.

"Tartsatsi ce kuma?" in ji mai karɓar kayan kwastoma a shagon, wadda kowa ke kira Rediyo saboda ba ta da maɓallin kashewa.

Tartsatsi ita ce 'yar, shekararta shida, kuma ubanta ne ya laƙaba mata sunan tun tana rarrafe, lokacin abin yana ba shi dariya.

"Ni fa na sha gaya miki, shagwaɓa ce," in ji Rediyo, tana manna lamba a jikin wani bargo. "'Ya ɗaya tilo, uba direban babbar mota kullum yana hanya, me kike jira? Wallahi da tawa ce, da tuni ta san dama da hagu."

Rediyo ko kaza ba ta taɓa riƙewa ta kai ga ƙwai ba, amma a fannin tarbiyyar 'ya'yan wasu ba ta da na biyu.

Mai shagon ya leƙo daga ɗan ofishinsa, ya dubi agogo, ya dubi rigar babban ma'aikaci, sannan ya dubi Mai Guga kamar ita ta yi cizon.

"Kowa a nan yana da ɗa," ya ce, "amma naki ne kaɗai ya buɗe miki ofis a makaranta. Je ki."

"Ka yi haƙuri," ta ce, ta zare wayar dutsen daga bango.

A cikin bas ta buɗe kotunta, kamar kullum. Ita ce alƙali, ita ce mai ƙara, ita ce wadda ake tuhuma, lauyan kariya kuwa ya daɗe da tattara takardunsa ya gudu. Aka fara karanto laifuffuka. Ta koma aiki yarinyar ba ta isa yaye ba. Ta riƙa barinta wajen maƙwabciya mai kunna talabijin tun safe har yamma. Akwai ranar da ta juya baya don ta sauke ruwan zafi, jaririyar ta mirgino daga gado, kuma wa ya san abin da ya girgiza a cikin kan nan? Akwai faɗan da suka yi da mijinta tana da tsohon ciki, har ta jefar da kofi ya fashe a bango. To ga shi nan yarinyar ta fito tana jifa da kofuna. Ta cika tsawa. A'a, ta cika sanyi. Duk biyun an same ta da laifinsu, don ita wannan kotu ba ta taɓa sallamar kowa ba.

Bas ɗin na tsaye a cunkoso wayar ta sake ƙara. Gwaggo ce, yayar mijinta.

"Yaya, ki yi haƙuri..."

"Ajiye haƙurinki, ya yi miki amfani wani wuri. Sun kira ni, don sun san inda hankali yake. Dama na shigo garinku, ina hanya. Kin dai tuna abin da muka yi da ke a gaban ƙanina?"

Ta tuna. Ranar da Tartsatsi ta fasa tabarau ɗin wani yaro, Gwaggo ta zo ta zauna a falo ta yanke hukunci: in aka sake kira daga makaranta, za ta ɗauke yarinyar ta tafi da ita can gidanta, a wani garin, ta gyara ta. Mijin ya sunkuyar da kai ya ce Yaya ta fi su sani. Aka juyo aka dubi Mai Guga. Ita kuwa mai laifi ina ta ga bakin musu? Ta ce to.

"Ki haɗa mata kayanta yau," in ji Gwaggo. "Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Gwaggo ta tanƙwara 'ya'ya biyar, kuma ba wanda bai san wannan ba, don ba ta bari a manta. Sun tanƙwaru kuwa. Babbansu in yana gaishe ka takalminka yake kallo, autar kuma tun da ta sami aiki a nesa sai dai a ji muryarta a waya, ita ma a gurguje. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ofishin shugabar makaranta na da sanyin fanka da ƙamshin sabon fenti. An jera takardun shaida a bango cikin gilashi, ƙarƙashinsu hoton wasu yara masu dariya da ba a taɓa gani a wannan makaranta ba. Gwaggo ta riga ta iso, ta kama kujera mai hannu, jakarta a cinya kamar wadda ta zo karɓar gado. Malamar ajin na gefe, yarinya ce sabuwar fitowa, ta ɗaga tsintsiyar hannunta mai filasta yadda kowa zai gani.

"Ku yi haƙuri," in ji Mai Guga daga bakin ƙofa. "Malama, ki yi haƙuri. Don Allah ku yi haƙuri."

"Zauna," in ji shugabar, ta zame tabarau zuwa kan hanci. "Malama, faɗa mata."

Malamar ta faɗa. Ana tsakiyar darasin lissafi sai yarinyar ta fara mutsu-mutsu a kan benci. Aka ce ta nutsu, ta ƙi. Can sai ta miƙe, ta ɓalle maɓallan rigarta, ta tuɓe ta, ta jefar a ƙasa, ta koma ta zauna daga ita sai shimi, ta ɗauki fensirinta kamar ba abin da ya faru. Aji ya ɗauki ihu. Malamar ta ɗauko rigar, ta kama ta ta zura mata, tana cikin ɓalla maɓallin wuya sai ta ji haƙora.

"Har jini," in ji malamar.

"Innalillahi," in ji Gwaggo da ƙarfi, tana dafe ƙirji. "Tsiraici a gaban jama'a! A danginmu dai ba a taɓa yi ba."

Shugabar ta haɗa yatsunta a kan tebur. Ta yi wani kwas na mako guda a kan halayyar yara, kuma tun daga lokacin duk wanda ya shigo ofishinta sai ta hango masa ciwo a zuciya.

"Ina so ki gaya mini gaskiya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ana zaman lafiya a gida? Don shi yaro madubi ne. Abin da ya gani, shi yake nunawa."

"Lafiya lau," in ji Mai Guga, tana jin kofin nan na shekara shida da suka wuce yana sake fashewa a bango.

"Kina samun lokacinta?"

"Ina take samu?" Gwaggo ta karɓe. "Daga safe har yamma tana kan rigunan mutane. Ni na faɗa, haihuwa daban, riƙo daban. Ko akuya ma tana haihuwa."

Shugabar ta yi wani ɗan tari, alamar maganar ta ɗan wuce gona da iri amma ba ta ƙi ta ba. Ta miƙa hannu ta ɗauko rigar makarantar daga kan wata kujera, shuɗiya mai farar kwala. Ta riƙe ta a kafaɗu, ta sake ta a kan tebur. Rigar ta tsaya. Ta tsaya cak da ƙafafunta, ba kowa a ciki, karin gugarta kamar bakin wuƙa.

"Abu ɗaya dai zan faɗa," in ji shugabar. "Duk makarantar nan ba yaron da ke zuwa fes kamar 'yarki. Har misali nake yi da ita a taron iyaye."

"Ai iyakar abin da ta iya ke nan," in ji Gwaggo.

Mai Guga ta sunkuyar da kai, amma wani ɗan ɗumi ya ratsa ta. A duk ranar nan wannan ce kalma ɗaya mai daɗi da ta shiga kunnenta. Kuma ta san ta cancance ta. Kullum da yamma sai ta wanke rigar nan, ta dama sitaci mai kauri, ninkin wanda ake sa wa kayan shago, ta tsoma ta, ta shanya, da sassafe ta goge ta har sai kwalar ta yi ƙara in an taɓa. A ce yarinyar ba ta ji, a ce ba ta da kunya, a ce uwarta ta kasa, amma ba mai buɗe baki ya ce 'yar mai guga ta fito a yamutse. Wannan ƙofa ɗaya ta toshe ta da kyau.

Hukuncin bai yi tsawo ba. A tafi da ita gida sai mako mai zuwa, in kuma aka sake, a nemi wata makarantar.

"Ba ma sai an jira ba," in ji Gwaggo, tana miƙewa. "Yau za ta bi ni."

Sun sami Tartsatsi a ɗakin shan magani, ta shige ƙarƙashin gado, daga ita sai shimi da safa ɗaya. Ido jawur, gashi a tsaitsaye. Da ta ga rigar a hannun uwarta sai ta ƙara matsawa cikin lungu.

"Ba na so."

"Fito mu tafi gida."

"Ba na so!"

To ita Tartsatsi ba ta son abubuwa da yawa a duniya. Ba ta son a taɓa mata kai, ba ta son ƙarar injin niƙa, ba ta son kofi in ba ja ba, ba ta son a ce mata sannu in ta faɗi. Mai cewa ba na so sau ɗari kafin rana ta take, wa zai tsaya tantance wanne ne na gaske? Uwar ta cire mayafinta ta naɗe ta a ciki, ta saɓa ta a kafaɗa. Suka ratsa farfajiyar makaranta, iyayen da suka zo ɗaukar 'ya'yansu suna ja da baya kamar an fito da mai cutar da ake ɗauka, kowace na jawo nata ɗan kusa da zaninta. Mai Guga na tafe tana rarraba haƙuri hagu da dama, har da mai gadi, wanda bai ma san abin da ake ciki ba.

Gidansu ɗaki biyu ne a hawa na biyu, da ɗan baranda da ake shanya. Gwaggo ta zauna a falo, ta cire takalmi, ta nemi shayi, ta shafa yatsa a kan talabijin ta duba.

"Motar yamma za mu bi," ta ce. "Kada ki cika mata kaya. Kuma ban da abin wasa, gidana ba filin wasa ba ne. Wata uku kawai ki ba ni. Za ki ga yarinya in an ce zauna ta zauna."

A cikin ɗaki Mai Guga ta sauko da ƙaramar jaka daga kan kwaba. Ta shimfiɗa bargo a kan tebur, ta jona dutsen guga, don ba za a buɗe jakar nan a gidan Gwaggo a ga abin faɗa ba. Ta fito da rigunan yarinyar ɗaya bayan ɗaya, duk sun sha sitaci, tana bin su da dutse tana ninkewa, suna ƙara kamar takarda. Idonta a bushe. A ranta tana cewa wataƙila hakan ne daidai. Wataƙila yarinyar ta huta da ita.

Tartsatsi na zaune a ƙasa bayan ƙofa. Ta tono wata tsohuwar singiletin ubanta daga cikin tsummokaran goge-goge, wadda ta sha wanki har ta yi laushi kamar auduga, ta zura ta har gwiwa. Wannan tsumma an ƙwace shi an ɓoye ya fi a ƙirga, kullum sai ta gano inda yake.

"Ina za a kai kayana?"

"Za ki je gidan Gwaggo ki kwana biyu."

"Da ke?"

"Ni ina da aiki."

Takalmin yarinyar ya taso ya wuce ta gefen kunnen uwar, ya bugi kwaba. Na biyun ya sami jakar.

"Kin gani ko?" Gwaggo ta ɗaga murya daga falo. "Ki bar ta, kwananta nawa ne. Sa mata kaya mu kama hanya."

Mai Guga ta zaɓi rigar fita, mai ruwan hoda, mai tattara a wuya da hannu. Ta durƙusa a gaban yarinyar, ta kama tsumman ta cire shi ta kai, yarinyar na turjewa tana shure-shure. Garin kokawa ta juya mata baya, hasken taga ya sauka a kan wuyanta.

Wani jan layi ne ya zagaye wuyan, daidai inda kwala ke zama, kamar an ɗaura zare an ja. A bayan wuyan fatar ta saɓule, ta yi ɗanye. Akwai irinsa a hammata, akwai a damtse inda hannun riga ke ƙarewa.

Ba yau ta fara ganinsu ba, kada a yi mata ƙarya. Ta gan su, ta ce ƙurajen zafi ne, ta barbaɗa hoda. Ta gan su, ta ce garin faɗa ne aka yakushe ta. Har cikin kotunta ta shigar da su, a matsayin shaidar cewa ba ta iya zaɓen sabulu ba. Yau ne dai kawai ta gan su rigar na hannunta, kuma kunnenta bai gama sakin maganar malamar ba: tana cikin ɓalla maɓallin wuya.

"Nan yana miki zafi?"

"Na gaya miki," in ji Tartsatsi cikin kuka da fushi. "Na gaya miki tana ci na. Kika ce haka kaya masu tsabta suke."

Uwar ta faɗi haka kuwa. Da bakinta ta faɗa, ba sau ɗaya ba, tana ɓalla maɓalli tana duban agogo.

A shago akwai abin da Mai Guga ke yi wanda ba wanda ya koya mata. In aka kawo kayan yara, ba ta bari sitaci ya kusance su, kuma kafin ta sa su a leda sai ta goga wuyan rigar a kumatunta, ta ji ko zai cuci fatar ɗan mutane. Rediyo har tsiya take mata, wai tana sumbatar kayan kwastoma. Shekara da shekaru tana yi wa 'ya'yan da ba ta taɓa gani ba.

Ta miƙa hannu ta ɗauko shuɗiyar rigar makarantar, wadda ake misali da ita a taron iyaye. Ta kai farar kwalar kumatunta, ta goga.

Kamar bakin gwangwani.

Ta daɗe a durƙushe. Abin mamaki, ba ta ji kotun ta zauna ba. Duk laifuffukan da ta shekara tana tuhumar kanta da su manya ne, ba su da hannu ba su da ƙafa, ba a san ta inda za a kama su ba: faɗuwa daga gado, kofin da ya fashe, nonon da aka yanke da wuri. Ba wanda ta taɓa iya gyarawa a cikinsu, sai dai ta ɗauke su ta hau bas da su. Wannan kuwa ga shi a hannunta, nata ne ba tantama, da cokali ta auna shi ta dama. Kuma shi kaɗai ne duk garin ba wanda ya taɓa zarginta da shi. Yabo ma ake yi.

Wata dariya ta taso mata, gajeriya, mara daɗi. Tartsatsi ta tsaya da kuka ta dube ta.

"Yi haƙuri," in ji uwar.

Yarinyar ta waiga bayanta, ta ga ko akwai wani a tsaye. Duk haƙurin da ta ji uwarta na rabawa a kanta, a makaranta, a bakin famfo, a cikin bas, ba a taɓa miƙo mata ko ɗaya ba.

"Ni?"

"Ke."

Ta mayar mata da tsumman ubanta. Sannan ta miƙe, ta zare wayar dutse, ta ɗauki jakar yadda take, ta wuce ta gaban Gwaggo zuwa banɗaki. Ta tara babban bokiti a famfo. Ta zazzage kayan duka a ciki, masu tattara da marasa tattara, ta ɗora shuɗiyar rigar a sama ta danna ta da hannu biyu. Rigar ta yi ta turjiya tana kumburo iska, sannan ta saki jiki ta nutse. Ruwan ya yi fari kamar an zuba madara.

Gwaggo ta taso da kofin shayi a hannu, ta tsaya a ƙofar banɗakin.

"Me zan gani haka? Ke, lafiyarki?"

"Kayan sun jiƙe, Yaya."

"Ina da ido! Wa ya jiƙa su?"

"Ni."

"To ai shi ke nan, mun rasa motar yamma. Sai ki shanya su, gobe da safe mu tafi. Wannan wane irin sakarci ne?"

Mai Guga ta zubar da farin ruwan, ta tara wani. Kalmar nan ta taso mata har maƙogwaro, ta saba hanya, ba ta buƙatar izini. Ta haɗiye ta. Ta ji ta tana sauka da ƙyar kamar ƙwayar magani ba ruwa.

"Gobe ma ba za ta tafi ba."

"Me kika ce?"

"Sitaci ne ya yanka mata wuya. Je ki duba. Shi ya sa ta tuɓe."

Gwaggo ba ta je ta duba ba. Ta dai yi wata dariya ta hanci.

"Sitaci! Yau na ji ikon Allah. To tabarau ɗin ɗan mutane da ta fasa, shi ma sitaci ne? Farantin da ta jefe ni da shi fa? Kyanwar maƙwabta da ta kulle a kwaba?"

"A'a," in ji Mai Guga, tana matse wata riga. "Waɗannan ban san dalilinsu ba tukuna."

"Tukuna! Sai ta cinye malaman makarantar duka sannan ki sani? Ke da bakinki kika ce to, a gaban ƙanina."

"Na ce. Yanzu na ce a'a."

Gwaggo ta ajiye kofin a kan injin wanki da ƙarfi har shayin ya fantsama. Ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsauni ba zai gani ba. Ta ce ita ta tarbiyyantar da biyar ba wanda ya taɓa ɗaga mata ido. Ta ce za a neme ta, kuma ranar da za a neme ta ba za a same ta ba. Tana faɗa tana neman takalminta, ɗaya ta samu. Ɗayan sai da aka leƙa ta baranda aka hango shi a ƙasa, a kan rufin wata mota, Tartsatsi kuma na tsaye a gefe tana kallon sama kamar mai lissafin tsuntsaye.

A nan ma kalmar ta taso. Wannan karon da hujjarta, don jifa da takalmin baƙo ba sitaci ba ne. Mai Guga ta sauka da kanta ta ɗauko shi, ta goge shi da gefen zaninta, ta ajiye a gaban Gwaggo. Ta kamo hannun yarinyar.

"Ba Gwaggo haƙuri. Ke kika jefa."

"Ba na so."

"Na sani. Ba ta."

Aka yi tsaye. Can Tartsatsi ta furta wani abu a cikin wuyan tsummanta, wanda mai kyakkyawan zato zai iya ɗauka haƙuri ne. Gwaggo ba ta cikin masu kyakkyawan zato. Ta zura takalmi, ta saɓa jaka, ta sauka tana danna waya tun a matakala.

Rana ta yi sanyi lokacin da Mai Guga ta gama shanya. Rigunan suka rataya a igiya laƙwas, shuɗiyar a tsakiya, kwalarta ta langaɓe gefe guda kamar kunnen tsohon kare. Maƙwabciyar baranda ta leƙo, ta dube su sama da ƙasa.

"Yau ba sitaci? Kada dai ki ce haka za ta je makaranta. 'Yar mai guga guda?"

"Haka za ta je."

Maƙwabciyar ta taɓe baki ta koma ciki, da alama ta sami abin hira har na kwana biyu.

Daga kicin aka ji ƙara, sannan ihu. An ba Tartsatsi ruwa a koren kofi, jan yana cikin wanke-wanke. Koren ya gangaro ta ƙofa, ya bi baranda yana juyi, ya tsaya a ƙafar uwar. Ta dube shi. Ta ji kotun na gyara kujeru, alƙali na neman tabarau. Ta sunkuya ta ɗauki kofin, ta ce a ranta yau dai an tashi, sai wani zaman.

Wayarta ta yi ƙara a kan taga. Mijin ne. Gwaggo ta isar da saƙo ke nan, da ƙarin gishiri. Mai Guga ta goge hannunta a zani, ta bar ta ta yi ƙara sau biyu, sau uku, sannan ta ɗauka ta kai kunne.

"Salamu alaikum," ta ce. "Ya hanya?"

Can ɗaya gefen aka yi shiru, kamar mai jiran wata kalma da aka saba fara ba shi. Ita kuwa ta jingina da bango, koren kofi a hannu, ta bar shi ya yi ta jira.